Yadda Gizo Ya Dangwala Sau Takwas

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

A ƙasar Kwaya, can kudancin Damagaram kusa da iyakar Nijeriya, an yi wani dutse da ake kira Dutsen Rema. Wanda ya san wajen zai ce ai tsakanin Magarya da Dungas babu sai jigawa da kwari, ina aka samo dutse? To, tatsuniya ce, da dutsenta take zuwa.

A gindin dutsen nan dabbobi ke noma. Kurege na da gonar hatsi da gyaɗa ta gabas. Bushiya, wadda mijinta ya tafi ci-rani bai dawo ba, tana da gayaunar wake da riɗi a kan gangare, da ita take riƙe ƴaƴa huɗu. Akuya ba ta noma, amma rabin abincinta na rani a gonakin yake, albarkacin gawo. Kun dai san halin gawo. Da damina, in kowane itace ya yi ganye, shi sai ya kaɗe nasa ya bar rana ta sauka kan hatsi. Da rani, in duniya ta bushe, sai ya yi kore shar, ya zubo ƴaƴa, dabbobi su ci su kwanta a inuwarsa su bar taki. Shi ya sa zangarniyar gindin gawo ba ta haɗa kafaɗa da ta fili.

Sai dutsen ya fara sanƙo. Ruwa in ya sauko babu abin da ke tare shi. Ya haƙa kwazazzabo ya raba gonar Kurege biyu, ya cika rijiyar gari da rairayi. Ba wanda bai san dutse na son magani ba. Bushiya ma ta fi kowa sani, don shekara uku ke nan tana jera duwatsu a gicciye a saman gayaunarta, kuma ta ga inda ta jera ƙasa ta tsaya, har ciyawa ta tsiro.

Labari ya kai birni. Zaki ya kira Dila, malamin daji, ya haɗa shi da Balbela, wata ƙwararriya da ta zo daga nesa da farar riga da jakar takardu. Suka shimfiɗa taswira a ofis, suka ja jan layi kewaye da dutsen, suka rubuta dokoki goma sha biyu, aka buga hatimi. Sai da tawada ta bushe Balbela ta tuna cewa masu ba da kuɗi ba za su saki ko dala ba sai sun ga shaidar an shawarci manoma.

Dila ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Taro suke so, sai a yi musu taro."

Aka sa rana cikin Yuli, tsakiyar noman farko, lokacin da ciyawa ke tsere da hatsi, wanda ya bar gona yini ɗaya zai gani a rumbunsa. Hankaka ya yi shela da hantsi, sa'ad da babu kowa a gari sai tsofaffi da kaji. Zauren taron kuma tafiyar rabin yini ce daga dutsen. Kunkuru, wanda ya fi kowa shekaru a ƙasar, ya ji shelar sarai. Ya ce yana da magana, ya kama hanya nan take.

Ranar taro Gizo ne ya fara isa. Bai taɓa riƙe hauya ba, amma ya zo a matsayin shugaban ƙungiyar manoman gindin dutse, ƙungiyar da ya kafa a daren jiya, da Ƙoƙi a matsayin ma'aji. Kura ta zo wakiltar awaki da tumaki. Da Balbela ta ɗan yi jim, Kura ta ce, "Ranki ya daɗe, duk ƙasar nan babu wanda ya san cikin akuya da wajenta kamar ni." Aka rubuta sunanta.

Manomi na gaske ɗaya ne ya shiga zauren, shi ma ba da niyya ba. Bushiya ce, ta kawo autanta asibiti yana zazzaɓi, ta ji ana ambaton dutsensu, ta raɓa ta zauna can baya da yaro a goye.

Balbela ta yi awa biyu tana bayani da Faransanci, tana haska hotuna a bango. Gizo ne tafinta. In ta yi dogon zance ta tsaya shan ruwa, sai ya juyo ya ce, "Ta ce dutse abu ne mai kyau." Bushiya ba ta jin Faransanci, amma ta san tsamiyar da ke cikin hoton, ta kuma ga inda jan layi ya bi. Ta ɗaga hannu.

"Ranki ya daɗe, layin nan na ga ta ƙasan tsamiya ya bi. Gayaunata kuwa a saman tsamiya take. In ta faɗa ciki, wakena fa? Kuma gawo uku da na raina tun suna kamar tsinke, na wa za su zama?"

Gizo ya gyara tsayuwa ya ce, "Yanki ya daɗe," don harshensa ba ya kama ra, sannan ya zuba Faransancinsa. Abin da ya faɗa shi ne, baiwar Allah ta yi godiya, ta ce mata duka suna bayan wannan aiki. Balbela ta yi murmushi, ta rubuta a littafinta cewa mata sun tofa albarkacin bakinsu.

Aka kawo burodi da sardin da lemo. Aka ce akwai kuɗin zama, jaka biyu-biyu, amma sai an dangwala. Gizo ya matso kusa da tawada. Ya tsoma ƙafa ta farko ya dangwala, ya faɗi suna. Ya tsoma ta biyu, ya faɗi wani sunan. Haka har ƙafa takwas, suna takwas, ya naɗe jaka goma sha shida. Kura ta dangwala. Bushiya ta dangwala, don maganin yaro ya cinye kuɗin motarta. Saman takardar a lanƙwashe yake, ba ta ga rubutun da ke wurin ba, ko da ta gani ma ba za ta karanta ba. An rubuta cewa masu dangwalen nan sun ji, sun fahimta, sun yarda. Rahoton da ya tafi birni ya ce manoma goma sun halarta, babu wanda ya ƙi.

Ran 3 ga Agusta, ranar dashen itace, motoci suka zo da tuta da makaɗa. Aka kafa turaku masu fenti ja da fari, aka dasa ƴan itatuwa dubu da aka raino cikin leda, aka ɗauki hoto, aka tafi. Ba a ce ga wanda zai ba su ruwa ba. Kura ta samu hula da kaki, ita ce mai gadi. Daga ranar, cikin layi babu noma, babu kiwo, babu yankan kaba. Gonakin da ke maƙwabtaka da layi kuma, duk gawon da ke cikinsu ya shiga lissafin Zaki, wanda ya sare ko da reshe ne tararsa jaka biyar. Waken Bushiya yana fure aka hana ta shiga. Ta tsaya bayan turke tana kallonsa har ya bushe.

Wata asuba Kurege na gona da ɗansa, yaron ya tsuguna ya yi kira.

"Baba, ga ɗan gawo ya tsiro. In ɗaura masa tsumma kada a nome shi?"

Kurege ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya ce, "Tuge shi."

"Baba, ba kai ka ce wanda ya tuge gawo ya tuge tuwonsa ba?"

"Na faɗa. Lokacin namu ne. Yanzu in ya girma, malamin daji zai biyo shi har cikin gonar nan. Akuya ta karya reshe, ni za a ci tara. Iska ta karya, ni za a ci tara. Tuge shi ka binne, kada a ga ganyen."

Yaron ya kama da hannu biyu ya ja. Abin bai kai taƙi ɗaya a sama ba, amma saiwar da ta fito ta fi hannunsa tsawo. Kurege ya juya baya ya ci gaba da noma. A daminar nan haka aka yi a kowace gona da ke kusa da turakun, ba tare da an haɗa baki ba.

Cikin layi kuwa, da dare ake aiki. Jaki ya san adadin amalanken itacen da ya ja daga gindin dutse zuwa gidajen burodi, amma an ba shi dusa, kuma wadda ta ɗora masa kayan ita ce mai hula. Da, in baƙo ya ɗaga gatari a gangaren, kafin ya sara sau uku Bushiya ta fito tana masifa. Yanzu wa zai fito? Gawonta uku, biyu suka tafi a dare ɗaya.

Sai da kaka ta yi Kunkuru ya isa zauren taro. Ya tarar da ƙofa a kulle, ya zauna a bakinta yana huci. Aka yi dace ranar ce Balbela ta dawo duba aiki, ranta a ɓace, don cikin dashe dubu ta ƙirga masu rai ba su cika tafin hannu ba. Gizo ba ya nan, ya tafi wani taron. Sai aka nemo Aku, wanda ya daɗe a gidan Bature ya iya Faransanci. Aibin Aku ɗaya ne, shi ya sa ba a cika ɗaukarsa tafinta ba: abin da aka faɗa shi yake maimaitawa, ba ragi ba ƙari.

Kunkuru ya ce, "Ɗiyata, na zo taro."

"Baba, ai an yi taro tun wata uku."

"To, maganar ba ta lalace a hanya ba. Zauna."

Ta shimfiɗa hankici a kan dakali ta zauna.

"Ni na ga zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884. Doka mai tsanani ya kafa a kan saran gawo, har yau tsofaffi na ba da labarinta. Amma gawon a gonar mai gona yake, shi ke cin amfaninsa. Sai Faransawa suka zo, a 1935 suka yi dokar daji ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu, itace ya koma na hukuma. Malaman gona kuma suna cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, babu kututture, don garmar shanu ta wuce a shuka gyaɗa. Aka samu ƴancin kai a 1960, aka sake dokar daji a 1974, amma sawun ta farko ta bi. Aka jera itatuwan da ba a taɓawa, har da gawo. Mutum da itace a gonarsa, sai ya nemi takarda kafin ya sassabe shi. Me kike tsammani ya faru?"

Balbela ta ce, "Itatuwa suka tsira."

"Suka ƙare. Wa zai raini ɗan da in ya girma zai kai shi ƙara? Fari ya zo a 1973, ya dawo a 1984, shekarar da muke kira El-Buhari don an rufe iyakar Nijeriya, ga kuma yunwa. Iska ta riƙa binne shuka, sai mutum ya shuka sau uku bai ga tsiro ba."

"To daga ina itatuwan da na gani a hanya suka fito? Wane shiri ne ya dasa su?"

Kunkuru ya yi dariya har ya shige ƙoƙonsa ya fito. "Ba wanda ya dasa. Bayan yunwar, aljihun hukuma ya yi sanyi, malaman daji suka rage zagaye. Manomi ya ga ba mai zuwa, ya fara barin tohon da ke fitowa daga kututture. Ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran, ya bar su su miƙe. A Maradi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yi ta yaɗa dabarar tun 1983, ana ce mata sassabin zamani. A nan maƙwabci ne ya gani wurin maƙwabci. Da masu bincike suka zo a 2006, sun tarar da wajen hekta miliyan ɗaya a Magarya da Matamaye da Mirya ta koma kore. A ƙasar duka ana maganar hekta miliyan biyar, itace miliyan ɗari biyu. Doka ma daga baya ta biyo sawun manomi: ta karkara a 1993, sabuwar ta daji a 2004, har a 2020 aka fito fili aka ce itacen da manomi ya raina a gonarsa nasa ne. Ke kuma kin zo da turaku kin mai da mu 1935."

Aku ya maimaita duka, har da dariyar.

Balbela ta ce, "Amma an tambayi manoma. Ga dangwalensu goma."

Kunkuru ya sa ido a takardar. "Wannan naki ilimi ne, ni ban yi boko ba. Amma takwas ɗin nan, ba ki ga duk sawun ƙafa iri ɗaya ba ne?"

Ba ta ce komai ba. Ta buɗe fiffike ta tashi sama, abin da ya kamata ta yi tun kafin ta ja layi. Daga can ta hango ƙasar kamar tabarma. Nesa da dutse, gonaki cike da gawo, ya fara fitar da sabon ganye. Kusa da turaku, gonaki fes, babu ɗan tsiro ko ɗaya. Cikin layi kuwa kututture ne da sawun amalanke. Wuri ɗaya kawai ƙasa ta tsaya a gangaren, inda wata ta jera duwatsu a gicciye.

Ta sauko ta nemi mai duwatsun. Ta tarar da Bushiya tana sussukar hatsin wasu, ana biyanta da tiya. Ta ce tana son a sake taro.

Bushiya ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, "In za a yi, bayan an gama ɗaurin hatsi. A gindin gawon da ya rage mini, ba a zaure ba. Da Hausa. Wanda ba shi da gona ko garke a nan ya zauna baya. Kuma ba a kan takarda za a nuna mana layi ba, da ƙafa za mu bi shi."

Taron nan kwana uku ya ci, kuma bai yi daɗi ba. Kurege ya ce awaki ne suka cinye dutse. Akuya ta ce gonarsa ce ta cinye burtali, ta ina ake so ta bi zuwa rijiya, ta sama? Suka kusa dambe. Zabuwa ta yi ta magana a kan kalgon da take ƙwai a ƙarƙashinsa har aka gaji. Aka gano ashe Rema, wanda da sunansa aka yi komai, ba a taɓa tambayarsa ba shi ma. Da aka hau aka kira shi, ya ce shi noman gangare bai dame shi ba, a bar masa ƙoƙuwar dutse da ƴan itatuwan da ke tsakanin duwatsu, a kuma raba shi da mai gadin da ke leƙa raminsa da dare.

Da aka zo batun matsar da layi, Dila ya miƙe. "Wannan kam ba zai yiwu ba. An buga hatimi. Layin gandu ba ya matsawa."

Raƙumi, wanda ya sauko daga arewa cin kasuwa ya tsaya kallo, ya yi gyaran murya. "Malam, gafarta. Ni daga wajen Dutsen Termit nake. A 2012 aka yi gandu a can, murabba'in kilomita wajen 97,000, don barewa da ragon dutse da sauran namun hamada. Hatiminsa ya fi naka girma. A 2019 aka sake zana iyakarsa saboda man fetur. Layi na da ƙafa, Malam. Sai dai ya san muryar da yake amsawa."

Dila ya zauna yana duba takardunsa.

A rana ta uku aka bi layin da ƙafa, Kunkuru a kan Jaki don kada a sake jiransa wata uku. Aka tuge turaku aka mai da su sama. Ƙoƙuwar dutse ta zama ta Rema, ba sara ba kiwo. Gangare ya koma hannun masu gonaki, da sharaɗin kowa ya jera duwatsu irin na Bushiya, ya kuma bar toho. Aka buɗe burtali, Kurege ya rasa kunya shida yana gunaguni. Aka rubuta yarjejeniyar da boko da ajami, Aku ya karanta da ƙarfi sau biyu kafin kowa ya taɓa tawada.

Bushiya ta samu kashi biyu cikin uku na gayaunarta. Waken da ya bushe da gawo biyun da aka sare, ba wanda ya biya ta. Da ta tambaya, aka ce babu wannan a kasafin kuɗi. Kura an yaba da ƙwazonta, an ƙara mata girma, an tura ta gadin wani dutsen. Gizo kuwa an gan shi a birni da sabuwar jaka, yana neman tallafi don koya wa manoma wata dabara da ya ce shi ya ƙirƙiro, ta jera duwatsu a gicciye.

Da damina ta kewayo, ɗan Kurege ya sake tsugunawa a bakin kunya.

"Baba, ga wani. In tuge?"

Kurege ya daɗe yana kallon turakun can sama. Sannan ya kama gefen rigarsa ya yage, ya miƙa wa yaron.

"Ɗaura masa. In mun koma gida kuma ka tuna mini in duba takardar nan a rumbu, kada gara ta taɓa ta."

Ƙurungus kan kusu.